Alif a Randar Kifin Maliki

Mutanen Kawo da suka san yayata Sa'adiya a ƙarshen rayuwarta, da abu biyu suka san ta. Na farko keken ɗinkinta, wanda ta yi shekara ashirin da biyu tana takawa a ƙofar ɗakinta na haya, can bayan tasha. Na biyu kuwa, alif ba ya shiga ɗakinta. Ko ruwan rijiya ya yi jajir kamar kunu, sai dai ta tace shi da ƙyalle ta bar shi ya kwanta don kansa. Matan gidan suna cewa taurin kai ne, wasu su ce wani malami ne ya hana ta. Babu ko ɗaya. Ni ce sanadi, ni Hansai ƙanwarta, kuma tunda ta riga mu gidan gaskiya, gara in faɗa da bakina.

A Tudun Wadan Zariya aka haife mu, ta ba ni shekara tara. Tun muna yara ita ba mai magana ba ce, ni aka haɗa wa bakin mu biyu. Ta yi firamare har aji huɗu, ta koyi ɗinki wurin wata maƙwabciyarmu, sannan ta auri Maliki ya kawo ta Kaduna. Maliki ma'aikaci ne a ɗakin gwaji na sashen kifi a wata ma'aikatar gwamnati, siriri, mai yawan dariya, kullum aljihun rigarsa da biro uku. Aka ba su ɗan gida a Unguwar Rimi, ɗaki biyu da falo. Ta haihu sau biyu, duka ba su kai arba'in ba.

A falon nan akwatin kifin yake. Wani Bature da Maliki ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Akwatin gilashi ne, tsawonsa kamu biyu, da yashi da duwatsu da 'yar ciyawa a ciki. Akwai ɗan inji a gefe mai hura kumfa, yana gunji a hankali dare da rana, akwai kuma wani ɗan ƙarfe a cikin ruwan mai ɗumama shi. Kifi goma sha ɗaya. Tara ƙanana ne, ba su wuce ɗan yatsa ba, masu jela ja da ruwan goro. Biyu kuma faffaɗa kamar tafin hannu, da baƙin zane a jikinsu, suna tafiya da ƙasaita. Su ne Maliki ya raɗa wa Alhaji da Hajiya.

'Yan unguwa suna tsegumi wai kifin ne 'ya'yansu. Ƙarya suke yi. Lokacin da Maliki yake raye Yaya ba ta ƙaunar kifin nan ko kaɗan. Duk zuwan da na yi sai ta yi mini mitarsu: kifin da ba ya shiga miya, an ba shi randa tasa daban, an ba shi wuta, maigida ba ya karyawa sai ya duba lafiyarsu. Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya ce Alhaji yana gaishe ta.

A watan Fabrairu na 1974 babbar mota ta ture Maliki da babur ɗinsa a hanyar Kawo, bai ko kai asibiti ba. Ni a lokacin ina gida, aurena na fari ya mutu, sai Inna ta ce in tattara in je in taya Yaya zaman takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba kwalli, ba turare.

Yaya ba ta yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yaba tawakkalinta, ni kuwa haushi nake ji, don na san ba haƙuri ba ne. Gangar jikinta ce kawai a wurin, ita ba ta nan. Tana zaune a tabarma, idonta a bango, in an ce ta yi haƙuri ta ce to, in an ce ta tashi ta yi salla ta tashi ta yi ta dawo. Abinci kuwa sai in ajiye in ɗauke yadda na ajiye. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce zan aika wa Inna. Ta ce to.

Kwana bakwai babu wanda ya tuna da kifin, har ni. A safiya ta takwas, baƙi sun watse, ina madafa ina dama koko sai na ji ƙarar 'yar kwalba daga falo. Na leƙa. Ga Yaya tsaye gaban akwatin.

Wata 'yar kwalba ce siririya take riƙe da ita. Ta ɗebi ruwan akwatin a ciki, ta ɗiga wani magani sau uku, ta girgiza, ta kara ta da wani kati mai launuka wanda aka rubuta pH a samansa. Daga baya na fahimci abin. In ruwan ya koma kore, wajen lamba bakwai, ya yi daidai. In ya yi rawaya, tsami ya yi yawa. In ya yi shuɗi, ya karkata wajen kanwa. Irin tsamin da mu ba za mu damu da shi ba, amma shi kifi a cikinsa yake numfashi. Maliki bai taɓa koya mata ba. Shekara bakwai tana kallonsa daga kan keken ɗinki tana mita, ashe komai ya zauna.

Ta ɗaga kwalbar wajen taga ta duba.

"Ya yi daidai," ta ce, ba da ni take ba.

Ta barbaɗa musu abincinsu da yatsu biyu, ta tsaya har suka cinye. Sannan ta juyo ta tambaye ni ko akwai koko. Na yi maza na zubo mata.

Tun daga ranar lissafina ya zama ɗaya: in kifi suka ci, Yaya za ta ci. Kullum da hantsi sai ƙarar kwalba, sai "ya yi daidai", sai ta nemi koko. Wata rana waɗannan ne kaɗai kalmomin da zan ji daga bakinta har magariba. Ran Asabar kuma ta sa tiyo ta zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ta cika da na randar kifi. Ruwan famfo ne da ake bari ya kwana biyu a buɗe don warin maganin da ake sa masa ya fita. Haka Maliki yake yi, haka ta yi, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ruwan akwati ake gwadawa. Na randa ba a gwada shi, don ba ta taɓa ganin ya gwada ba.

A hankali ta fara dawowa. Cikin wata na uku har ta ɗinke mini wani zani da ya yage. Rannan ma ina zagin wani mai kayan miya da ya kawo mana ruɓaɓɓen tumatir, na ga gefen bakinta ya ɗan motsa. Ni da nake ganin kifin nan aikin banza ne, sai ga ni ina gaishe da Alhaji da safe.

Ƙarshen watan Mayu, damina ta sauka, famfo ya ɗauke a layinmu gaba ɗaya. Wai bututu ne ya fashe a wani wuri. Muka koma ruwan 'yan garuwa, na rijiya, ga shi ruwan sama ya dama ƙasa. Ran Alhamis aka cika randar kifi. Yaya ta leƙa, ta ce a bar shi ya kwanta zuwa Asabar.

Ran Juma'a na duba, yana nan jajir. To ku gaya mini, wace 'yar Zariya ce za ta ga ruwa haka ta zuba masa ido? A gidanmu da alif muka tashi. Ka jefa, ka juya, datti ya taru ya sauka, ruwa ya fito garau. Har Inna ta ƙulla mini shi cikin kayana da zan taho. Na shanmu, juyawa uku kawai nake yi in cire dunƙulen. Amma wannan na kifin Yaya ne, abin da take tashi dominsa. Na ce dole nasu ya fi namu kyau. Na ɗauki dunƙule kamar ƙwan kaza, na daka shi, na zuba duka, na juya. Ban gaya mata ba, don ban ga abin faɗa ba. Wa yake sanarwa ya sa gishiri a miya?

Ran Asabar ta leƙa randar ta ga ruwa tas har ana ganin gindi. Ta ce ashe ruwan rijiyar nan yana da kyau. Na ji daɗi har cikin raina.

Washegari na ji ƙarar kwalba, na saurari maganar, ban ji ba. Na fito na same ta ta ƙura wa kwalbar ido. Rawaya. Ta zubar, ta wanke, ta sake. Rawaya dai. Kifin duk sun taru a sama suna buɗe baki, ƙananan sun tsuke jela. Da ta barbaɗa abinci babu wanda ya kula.

Abu ɗaya ta sani daga Maliki: in launi ya sauya, a canza ruwa. Sai ta zuƙe rabi ta cika da na randa. Randa ta yi ƙasa, aka kira ɗan garuwa ya cika, ni kuma don a samu ruwa mai kyau da wuri na sake daka alif na zuba. Litinin haka, Talata haka. Ita tana ɗiba tana zubawa don ta cece su, ni ina bayanta ina daka. Kai, in na tuna ranakun nan ukun har yau sai in ji kamar in mari kaina.

Ran Talata ƙanana biyu suka mutu. Sauran kuma wasu fararen ɗigo suka feso musu a jiki kamar an barbaɗa gishiri, suna goga cikinsu a duwatsu. Yaya ta naɗe matattun a takarda ta ba ni in binne a gindin gwaiba. Ranar ba ta nemi koko ba.

Ita ba ta da halin fita, sai ta rubuta 'yar takarda ta ba ni na kai wa Malam Ayuba a ofishinsu. Abokin aikin Maliki ne, dattijo mutumin Kagoro, tare suka yi shekara goma a ɗaki ɗaya. Ran Laraba bayan an tashi aiki ya zo a kan kekensa da 'yar jaka. Saboda takaba Yaya ta shige uwar ɗaki ta saki labule, shi kuma ya cire takalmi ya shigo falo. Ya yi gaisuwa, ya daɗe tsaye yana kallon akwatin. Ya ce shi ya taya Maliki ɗauko shi ranar da aka kawo.

Ya gwada ruwan akwati, rawaya. Ya tambayi labule daga ina ake samun ruwa, labule ya amsa. Ya fita tsakar gida ya ɗebo na garwar da aka kawo da rana, mai jan nan, ya tace a hankicinsa ya gwada, sai ga kore. Ya ɗebo na randar kifi, mai kyan nan, ya ɗiga magani. Tun kafin ya girgiza ya yi rawaya.

"An sa wa wannan wani abu?" ya tambaye ni.

"Babu komai," na ce. "Alif kawai."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Bai ɗaga murya ba, ya yi mini bayani kamar yana karanta takarda. Alif yana share ruwa amma yana tsamama shi, kuma yana ƙona wa kifi wurin numfashi. Kifin da ya galabaita, ga sanyin damina, shi ne ciwon fararen ɗigo yake kamawa. Ya ce da jan ruwan aka zuba musu yadda yake, da babu abin da zai same su. Ina jinsa, amma kunnena yana wajen labule. Ko motsi babu.

Ya tsara mana abin yi da ƙarfi yadda za ta ji daga ciki. A zubar da na randa a wanke ta. Jan ruwa a tace da ƙyalle kawai. A jiƙa kanwar miya, bakin ƙaramin cokali a kofi guda, a riƙa ɗigawa a akwatin safe da yamma. Ni da gaggawata na ce me zai hana a zuba da yawa a huta. Ya ce a'a, in aka fizgo ruwan daga tsami lokaci ɗaya, wannan zai fi saurin kashe su, sai dai a bi shi kwana da kwanaki. Saboda ɗigon kuma a sa gishiri kaɗan kaɗan, ya murɗa ɗan ƙarfen nan don ruwan ya ƙara ɗumi. Ya ciro wata kwalba mai shuɗin magani, ya ce duk wanda ya fi jin jiki a ware shi a daro a ɗiga masa. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Uwargida, ba zan yi miki alkawari ba. Sun sha wuya." Daga ciki aka ce an gode.

Yana fita na shiga na durƙusa gabanta. Na ba ta haƙuri, na yi kuka, na rantse ban yi da nufi ba. Tana kallona kamar yadda take kallon bango.

"Yaya, ki zage ni mana," na ce. "Ki ce wani abu."

"Ba ki sani ba, Hansai."

Ta tashi ta tafi madafa neman kanwa. Da ta ɗauki muciya ta rafka mini, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Ta bi maganar Malam Ayuba ɗaya bayan ɗaya. Safe da yamma tana ɗiga ruwan kanwa da cokali, tana gwadawa. Rawayar ta fara sassautawa, amma a hankali ƙwarai. Ni aka bar wa tace ruwa, na tace shi sau uku uku har yatsuna suka yi fari. Babu amfani. Kusan kullum sai ta miƙo mini 'yar takarda a naɗe, wata rana biyu, in tafi gindin gwaiba. Fuskarta ba ta sauyawa. Abinci kuwa muka koma gidan jiya, in ajiye in ɗauke.

A rana ta huɗu da zuwan Malam Ayuba Hajiya ta mutu. A ta shida ƙaramin ƙarshe ya bi. Saura Alhaji shi kaɗai a farin daro cikin shuɗin ruwa, ɗigon jikinsa sun fara raguwa. Har ya ɗan taɓa abinci da yamma. Na ce Yaya kin gani, ya ci. Ta ce ta gani. Ta ce in ruwan akwatin ya daidaita za ta mayar da shi. Na yi salloli ina roƙon Allah a kan kifi, ni Hansai, ban ji kunya ba.

Safiya ta bakwai na riga ta fitowa. Na je wajen daron na same shi kwance a gefensa, ya sandare. Na tsaya nan na rasa abin yi. Har na yi tunanin in ɓoye shi, to in ce mata me?

Ta fito. Ta dubi daron sau ɗaya, ta wuce. Ta ɗauki 'yar kwalbar ta ɗebi ruwan akwatin da babu komai cikinsa sai yashi da kumfa. Ɗigo uku. Ta girgiza, ta kara da kati, ta ɗaga wajen taga. Kore ne shar, daidai lamba bakwai.

"Ya yi daidai," ta ce.

Ta wanke kwalbar ta ajiye a mazauninta, ta je ta naɗe Alhaji a takarda ta miƙo mini. Na jira kukan, na ce yau kam dole ya zo. Ta koma tabarma ta zauna.

Saura kwana goma sha uku a gama takaba. Kowace safiya cikinsu ta gwada ruwan nan, kowace safiya ya yi daidai. Amma ba ta ƙara neman koko ba. Sai in ɗora mata kofin a hannu, ta sha kamar magani, ta miƙo mini.

Ranar fita takaba mata suka zo, aka yi wanka, aka raba waina sadaka. Gidan na gwamnati ne, ƙarshen wata za a karɓe shi. Da la'asar kowa ya watse, ta je bango ta kashe makunnin ɗan injin nan. Falon ya yi tsit. Sai a lokacin na lura, in ban da ɗaukewar wuta, gunjin nan bai taɓa tsayawa ba tun zuwana, kuma babu wanda ya taɓa makunnin cikinmu. Maliki ne ya bar shi a kunne. Ta daɗe da yatsanta a wurin, sannan ta ce in aika wa Malam Ayuba ya zo ya ɗauki akwatin.

Ta ƙi komawa Zariya. Ta kama ɗaki a Kawo ta kafa kekenta. Mutum biyu suka nemi aurenta ta ce a'a. Ta yi wa rabin amaren unguwar ɗinki, ba ta taɓa saɓa ranar alkawari ba, ba a taɓa jin ta da kowa ba. Mutane suna cewa mace mai sanyin hali. Ni na san Yayar da ta fara leƙowa a watannin nan uku, wadda gefen bakinta ya motsa a kan ruɓaɓɓen tumatir. Ita ban sake ganinta ba.

Na sake aure, na zauna a Badarawa, na haifi shida. Duk Juma'a nakan je Kawo in gaishe ta. Maganar kifi ba ta taɓa haɗa mu ba, ko sau ɗaya, shekara ashirin da biyu. In na zauna sai ta tsayar da keke, ta ɗebo mini ruwa a randa. Da damina jajir yake zuwa, ƙasa ta kwanta a gindin kofin. Ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce sannu da hanya. Ni kuma in karɓa in shanye.